Inda Inna Ta Yi Sallama Tsakanin Kano da Jidda

Shekarun baya na raka mahaifiyata aikin Umara. Tun a motar da ta ɗauko mu daga Moriki zuwa Kano na ishe ta da lissafi, ni mai waya, wai daga Kano zuwa Jidda awa biyar ba ta cika ba. Ta ce, "Awa biyar. Baffa ko har yau bai iso ba."

Mahaifinta ke nan. Tana ƙarama ya sayar da shanu ya kama hanyar Makka a ƙafa, bai dawo ba. Dangi suka ce ai aure ya yi a Sudan ya manta da su. Da wannan gorin ta girma, kuma na san bai taɓa daina yi mata ciwo ba.

Da rana tsaka jirginmu ya tashi. Inna ba ta karatu, taga ma a rufe take, carbi kawai take ja. Mun yi nisa sai ta damƙe hannuna, tafinta sanyi ƙalau. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

"Kai, ɗan ga, gyara zama. Mun iso wurin Baffa."

Ta sunkuyar da kai tana kallon tsakanin ƙafafunta, ta yi sallama da wata siririyar murya irin ta yarinya, wadda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta kasa kunne kamar mai sauraron amsa, hawaye na zuba.

"Ba yashe mu yay yi ba," ta ce. "Gida za shi, ƙishirwa tak kashe shi."

Na dubi ɗan allon bayan kujera mai nuna taswira. Muna saman yammacin Sudan, babu ko gari kusa. Na ɗauki hotonsa, ina ce wa raina tsufa ne da gajiya.

A dawowa na ce bari in gwada ta, don ni ba na rasa ƙaramin wayo. Na kashe allona da nata, na bar ta tana barci har da minshari. Can sai hayaƙin garke ya bugi hancina, gauraye da man shanu, sak ƙanshin rugar kakanninmu. Na waiwaya, kowa na harkarsa. Inna, idonta a rufe, ta ce, "Sai mun zo, Baffa."

Na kunna allon, na gwada da hoton wayata. Wurin ne, bai goce ba.

Da muka koma Moriki ta tara dangi ta sa aka yi wa Baffa addu'a da sadaka, abin da ta ƙi yarda a yi tsawon rayuwarta. Ta rasu bayan 'yan shekaru, hankalinta kwance.

Ban san abin da ya faru ba, kuma na daina neman sani. Lissafin nisa ne dai ya fita raina. Aiki yakan kai ni Jidda yanzu, kuma duk sanda muka zo saman wurin nan ina yin sallama, amma ƙasa-ƙasa nake yi, don tsoro nake a amsa.