Kanarin Baba Haddu

A ƙauyenmu na kan duwatsun Atlas, da an gama tsinkar tuffa za ka ga Baba Haddu yana bin gida-gida, bututu a kafaɗa, kejin kanari a hannu. Shekara talatin shi ke kafa mana murhun ƙarfe kafin dusar ƙanƙara ta sauko.

Mutum ne mai taurin kai, ga mita. Sai ya nisanta murhu da bango kamu uku, ya liƙe kowace gaɓar bututu da yumɓu, sannan ya huda 'yar kafa a ƙasan bango don iska ta riƙa shigowa. In ya gama ya rataye kejin a ɗakin.

"Gobe zan zo in ɗauka. In yana waƙa, aikina ya yi. In kun ji ya yi shiru, gubar hayaƙi ta taru a ɗakin, ku fice da gudu."

Mukan tsokane shi, "Baba, wai kai ne maigidan ko tsuntsun?"

"Shi ne mana. Ya fi ku hankali, kuma ba ya shanye mini shayi."

Bai taɓa rasa tsuntsu ko ɗaya ba, kuma da wannan yake taƙama.

Shekarar da matata Itto ta haifi 'yarmu ta fari, ya kafa mana murhu da hantsi, ya hura wuta, ya rataye kejin ya tafi. Iskar da ke shigowa ta kafar nan tana dukan shimfiɗar jaririya. Na ce wannan tsohon ya cika tsirfa, na cusa tsumma na toshe ta, na rufe ƙofa ruf.

Wajen la'asar kaina ya yi nauyi. Itto ta ce, "Assu, ka ji tsuntsun nan kuwa?" Na duba, ga shi kwance a ƙasan keji, a mace. Muka suri yarinya muka yi waje. Da hankalina ya dawo, abin da na fara yi, Allah ya yafe mini, shi ne na zare tsumman na cusa a aljihu.

Da safe Baba Haddu ya zo. Ya daɗe yana kallon kejin.

"Ɗana, ka taɓa wani abu?"

"Ni? Me na sani a murhu, Baba?"

Ya kwance bututun gaɓa-gaɓa, ya ɗaga kowace ga rana yana leƙawa. Sau uku yana haɗawa yana kwancewa, bai ga komai ba. Ya zauna a ƙasa, hannuwansa baƙi ƙirin.

"Laifin yana nan. Idona ne ya daina gani."

Ya roƙi Itto gafara, ya ɗauki kejinsa. Daga ranar bai sake kafa murhu ba. Duk wanda ya roƙe shi sai ya ce, "Ku nemi mai ido. Ni na kusa kashe jaririya."

Shekara shida ya yi yana zama a ƙofar gida. Kullum ina wucewa in gaishe shi, ya tambaye ni lafiyar yarinya. Kullum in ce gobe zan faɗa masa. Kunya ce, da tsoron bakin mutane.

Bara ya rasu. Bayan sadakar uku, matarsa ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini kejin nan, a wanke tas, ba komai ciki.

"Ya ce a ba ka. Wai har ya kwanta bai tabbata ka yafe masa ba."