Lakar da na kwashe

Mijina majemi ne, a bayan garin Tasawa. Tun da aka fara kawo hodar cire gashin fata daga Kano, ruwan majema ya koma masifa. Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, duk inda ya bi kuma ciyawa ta ƙone. Lambuna kuwa a gangaren majemar yake, ɗan fili na zogale da yakuwa.

Na ce masa, "Malam, ko fatunka ko zogalena, ɗaya zai bar wurin nan."

Ya ce, "Ki je ki yi wa ruwan faɗa mana. Da bakin nan naki, ai juyawa zai yi."

Washegari dai ya ɗauki shebur. Ramuka uku ya haƙa a jere, ruwan majema ya riƙa bi ta cikinsu kafin ya gangaro. Na farko ya zuba masa kashin shanu da lakar tabki. Na biyu yana motsa shi da gora safe da yamma. Na uku ya dasa masa ciyawar kachala. Sai da aka yi watanni kafin ruwa ya iso lambuna ba wari. A bakin rami na biyu wani gari mai launin ɗorawa yakan taru, farar wuta ce. Shi ya kankare, mata su karɓa su kwaɓa da man shanu don ƙazwar yara.

Da ya rasu na fita takaba, na leƙa ramukan, na ga baƙar laka cunkus. Ni ba na zama da ƙazanta. Na kwashe ta tas, na wanke ramukan da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Ƙannensa suna nan suna jima. Kafin mako biyu wari ya dawo, zogale ya fara zubar da ganye.

Na haura shekara arba'in kafin in shiga ajin manya. Ran da malamarmu ta yi bayanin halittun da ido ba ya gani, na ba ta labarin ramukan. Ta riƙe haɓa.

"Inna, ai su mijinki yake kiwo a lakar nan. Su ke cinye warin."

Na sake zuba kashin shanu. Kwando nawa ya sa? Daga wane tabki ya ɗebo laka? Ina tsaye a kansa lokacin, ina mita, ban tambaya ba. Zogale huɗu suka rage mini. Kullum da safe ina motsa ramin da gorarsa, in sunkuya in shinshina.