Mutum-mutumin da Ya Ƙi Gaida Alhaji

Har gobe ban manta da ranar bikin raba kyaututtuka ba, shekarar da muka haɗa mutum-mutuminmu na farko. Ku da kuka zo makarantar nan daga baya kun tarar da ɗakin gwaji a tsare, ba ku san saura ƙiris ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru ba.

Lokacin ina koyar da fasaha a aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ni ke kula da ƙungiyar ɗalibai masu son ƙere-ƙere. Farkon zango na uku shugabar makaranta, Hajiya Rabi, ta kira ni ofis. Ta ce, "Malam Nura, iyaye suna tambaya me yaran nan ke yi duk Laraba bayan an tashi. In ba ku da abin nunawa ranar biki, ɗakin nan naku Malam Iliyasu zan ba."

Malam Iliyasu shi ne mataimakinta mai kula da kayan makaranta, dattijo mai tsare gida, kuma ya daɗe yana haƙon ɗakin.

Muka tattara abin da ya samu. Jikin mutum-mutumin da bulo-bulon roba na wasan yara muka gina shi, waɗanda na tsinto wajen 'yan gwanjo a kasuwar Tudun Wada. Sai ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, da sarbo biyu, wato ƙananan injina masu juya gaɓa daidai inda aka ce su tsaya. Idonsa kuwa sensa ce: tana aika sautin da kunne ba ya ji, in ya bugi abu ya dawo sai ta gane akwai mutum a gaba. Abin da muke so kawai, in baƙo ya matso, mutum-mutumin ya rusuna ya ɗaga hannu. Ɗalibai suka sa masa suna Ladabi.

Wata Laraba Malam Iliyasu ya shigo auna ɗakin tun ba a ba shi ba. Ya dubi teburinmu ya ce, "Malam Nura, karatun naka na kwalejin Kongo ke nan? Jikata ma tana da irin waɗannan."

Daidai nan hannun Ladabi ya ɓalle ya faɗi. Malam Iliyasu ya yi tsaki, ya ce dantsen ya yi wa injin tsawo, a miƙo masa ya gani. Ya ja kujera ya zauna. Ranar sai kiran sallar la'asar ne ya tashe shi. Daga nan bai sake fashin Laraba ba, har ya kai in ɗalibi ya taɓa hannun nan sai ya nemi izininsa. Da biki ya matso ya ce shi zai gabatar da Ladabi, don ni a ganinsa ban iya magana gaban manya ba.

Mun gwada shi iya gwaji. Mu sa masa bangon littafi, ya rusuna. Mu sa allo, ya rusuna.

Babban baƙo ranar shi ne Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyar iyaye, ɗan kasuwar yadi. Ya iso cikin babbar riga mai laushi, ninki kan ninki. Malam Iliyasu ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, matso ka ga tarbiyya."

Alhaji ya matso. Ladabi ya tsaya ƙiƙam. Ya ƙara matsowa, ko gezau. Na hango Hajiya Rabi ta dafe goshi, gumi kuma ya tsattsafo wa Malam Iliyasu ta ƙarƙashin hula. Sai mai rabon lemo ya gifta da farantin ƙarfe. Nan take Ladabi ya rusuna har ƙasa, ya ɗaga hannu.

Fili ya kece da dariya. Alhaji ya ce, "To, ni ne bai sani ba, ko mai abinci kaɗai yake girmamawa?"

A nan na gane matsalar. Na ce, "Ranka ya daɗe, rigarka ce ta shanye sautin, bai dawo masa ba."

"Shekara da shekaru ina sayar da yadi," in ji shi, "ban taɓa yi wa kayana irin wannan talla ba."

Malam Iliyasu ya farfaɗo. Ya ce, "Alhaji, miƙa masa tafin hannu kamar za ku gaisa." Ya miƙa. Ladabi ya rusuna a natse. Alhaji ya juyo wajen jama'a ya ce, "Ku daina ganin laifinsa. Ashe ni ne ban fara gaisuwa ba."

Maganar karɓe ɗaki ba ta sake tasowa ba. Malam Iliyasu da kansa ya gano cewa ƙarƙashin matakala ya fi dacewa da kujeru, ya kuma ce dama can ra'ayinsa ke nan.

Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta san alhaji ba, ba ta san shugaba ba, abin da ka gwada ta da shi kawai ta sani. Mu mun gwada ta da littafi da allo, mun manta mutanen garin nan da riga da mayafi suke yawo. Shi ya sa kuke ganin tsohuwar babbar riga rataye bayan ƙofar ɗakin gwaji. Kada wani ya kai ta wanki ko ya bayar da ita sadaka. Kayan aiki ce.