Ran Asabar za a rushe gidanmu

Ina shiga gidanmu na ƙasa a Gyaɗi-Gyaɗi na tarar da ƙanwata Rumaisa, ɗalibar zanen gine-gine, ta yi tagumi gaban kwamfuta.

Ta ce, "Yaya, na saka gidan nan da benen da kake son ginawa a manhajar auna illar gini ga muhalli, daga siminti har wutar da zai sha tsawon rayuwarsa. Gyara ya fi rushewa nesa ba kusa ba."

Na ce, "Ran Asabar fa katafila za ta zo."

"To ka faɗa wa Baba a fasa."

Shekara biyu na yi ina lallashin Baba kafin ya yarda a rushe. Tun jiya nake zarya a ƙofar ɗakinsa, na kasa sallama.

Jama'a, da wane baki zan fara?