Ƙafar Mota da Ƙafar Baba

Wata rana da safe, ana tsakiyar damina, wata baiwar Allah mai suna Saratu ta je gidan mahaifinta don ta raka shi asibiti.

Mahaifin, Malam Isiyaku, shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi bara. Ƙafar hagu sai dai ya ja ta. Amma likita ya ce in bai yi wasa da zuwa gashin ƙafa a asibiti ba, ana sa ran ƙafar ta dawo.

Yana da 'yar ƙaramar mota, irin wadda in mutum biyar suka shiga sai an yi haƙuri da juna. Da ciwo ya kwantar da shi, ya miƙa wa autansa Mujittafa makullin.

Sharaɗi ɗaya kawai ya ba shi: ranar asibiti, ka kai ni.

To Saratu na shigowa layin ta hango motar a ƙofar gida, sai ta yi turus.

Ita dai motar nan da ƙafa lamba sha huɗu aka ƙera ta. Taya mai kauri, mai shanye rami ba tare da na ciki ya ji a ƙugunsa ba. Ashe gogan naku ya kwashe su duka, har da safaya, ya kai kasuwar 'yan taya ya yi musaya. Ya ɗora mata rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, lamba sha takwas mai ƙyalli, da wata siririyar taya da ba ta fi kaurin yatsa biyu ba.

Mota ta koma kamar yaro ya zura takalmin babansa.

Dalili? Wai abokai suna yi masa dariya a majalisa, suna kiran ta akwalar Baba.

Abin da bai tambaya ba, kuma mai sayarwa bai ga amfanin faɗa masa ba, shi ne gurbin ƙafar ƙaramar mota ba a yi shi don wannan girman ba. Da an zauna a baya, sai taya ta fara gogar jikin mota. Kuma siririyar taya ba ta da abin da za ta kare rim da shi. Rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi.

Saratu ta haɗiye maganarta. Lokaci na tafiya, ba ranar faɗa ba ce.

Suka kama Baba suka zaunar da shi a baya, don a nan ne yake iya miƙe ƙafar. Ta zauna kusa da shi.

Mota ta tashi tana wani ƙara, ƙiii, ƙiii, Mujittafa na tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai.

A bakin layinsu akwai inda ruwan sama ya zaizaye ƙasa, ya bar ɗan kwari cike da ruwan kwata. Shekara da shekaru motar nan tana ratsa wurin ba wanda ya taɓa damuwa.

Ranar sai Mujittafa ya taka birki.

Ya ce Saratu ta sauka a rage nauyi. Ta sauka, ranta a ɓace. Ya ɗan matsa gaba, taya ta sake kuka. Ya tsaya, ya juyo ya kalli kujerar baya.

"Baba, ka ɗan sauka mana mu tsallake nan. Nauyi ya yi yawa a baya, kar rim ɗin ya bugu."

Saratu ta leƙo ta taga. "Mujittafa, kana da hankali kuwa? Baba kake cewa ya sauka? Da wace ƙafar?"

"Haba Yaya, nan da can ne fa. Sabo ne, ko sati bai yi ba."

Kafin ta sake buɗe baki, tsohon ya riga ya tura ƙofa.

Ya dafa sandarsa, Saratu ta riƙe masa kafaɗa, ya shiga ruwan nan yana jan ƙafar hagu. Takalminsa ya cika da taɓo, bakin wandonsa ya jiƙe sharkaf. Mai shayin bakin layi ya kawar da kai. Wasu mata da ke wucewa suka hau salati.

Wallahi Saratu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Mota ta lallaɓa ta tsallake, fayau da ita. Mujittafa ya fito da sauri riƙe da tsumma, ya durƙusa. Har zuciyarta ta fara sanyi, ta ɗauka ƙafar ubansa zai goge.

Rim ya goge.

Yana gogewa yana leƙawa, yana hura masa iska, ko ya samu ƙwarzane.

Wata irin ƙyama ta kama Saratu. Ba ta taɓa jin kunyar haɗa jini da mutum ba sai ranar. Ta ɗaga hannu za ta kai masa mari, Baba ya riƙe ta da hannunsa mai lafiya.

"Ƙyale shi ya goge, Saratu. Ita ƙafar motar sabuwa ce. Tawa ta riga ta lalace. Tsayar mana da adaidaita."

Malam Isiyaku bai karɓe makullin ba. Bai kuma sake shiga motar ba.

Yanzu duk ranar gashi, Saratu ce ke barin 'ya'yanta da maƙwabta ta zo ta sa shi a adaidaita, ta ɗora ƙafar a cinyarta saboda girgiza. Suna fita sukan wuce motar a ƙofar gida, tana ta ƙyalli, shi kuma yakan juya fuskarsa ɗaya gefen har su bar layin.

Darasi: Kafin ka canza wa mota ƙafa, ka tambayi kanka wa za ta ɗauka, kuma wace hanya za ta bi. Girman da aka ƙera ta da shi ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne dariyar majalisa ta fi maka ciwo a kan ƙafar mahaifinka a cikin ruwan kwata.

Ka tura wannan zuwa rukunin 'yan gidanku na waya. Akwai wanda ke riƙe da makullin da ba nasa ba, ya manta dalilin da aka ba shi.