Ina Ruwanku?

Lokacin da nake yaro a ƙauyenmu kusa da Bakura, da an idar da magariba a kwanakin ɗari sai mu kewaye wutar kara a ƙofar ɗakin kakarmu, Goggo Hansai. Takan tura dankali cikin toka, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ga wata ta iso bakin zaure, a ba ta tabarma?" Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta shigo ta zauna!"

A shekarun nan ne ruwan madatsar Bakolori ya fara ratsa gonakinmu. Wuni muke yi muna iyo a hanyoyin ruwan. Duk yaron da ya fara fitsarin jini sai ya riƙa taƙama, domin manya sun ce alamar zama namiji ce. Ni ma na yi wannan taƙamar.

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ta wani gari ce da ciwo ya kama. Bokaye su ba da magani, mutum ya tashi, bayan kwana biyu ya sake kwantawa. Rannan sai ga wata baƙuwar tsohuwa da sandarta. Aka ce mai magani ce, aka kai ta gidan marasa lafiya. Ta ƙi shiga ɗaki. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ina ruwanku?"

A nan Goggo takan buga cinya. "Sai sunka fusata! Sunka ce, ɗiyanmu na mutuwa, ki ce ina ruwanmu? Sunka kore ta da jifa."

Wata mata ce ta ji tausayinta, ta bi ta bayan gari da ƙwaryar ruwa don ta sha. Tsohuwa ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Wanga shi na tambaya. Kai ni inda kinka ɗebo shi." Da suka isa tafkin garin, sai suka same shi kwance yana nishi. An sare itatuwan da ke masa inuwa, rana ta shanye rabinsa, shara ta cika bakinsa. Goggo takan sassauta murya ta yi nishin tafkin, har mu matsa jikin juna. "Ni ka ciwo," in ji tafki, "su kuwa suna shan ciwona." Sai da aka yi jinyar tafki mutane suka warke. Goggo ta ce, "Ta naɗe tabarmarta ta tafi. Ku ciro dankalinku."

Na girma ina noman shinkafa, ƙafata kullum cikin ruwa. Jinin bai taɓa barina gaba ɗaya ba, ni kuma ban taɓa kiransa ciwo ba. Bara sai mara ta fara murɗa ni, har nakan durƙusa a kan kunya in jira ta lafa. Na fara tsoron ko noma ya ƙare mini.

A lokacin ne 'yata Hadiza, da ke karatun likita a Sakkwato, ta zo hutu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baba, ina ruwanku?"

Mahaifiyarta ta ajiye muciya. "Ke! Mahaifinki na faɗa miki ciwonai, ki ce ina ruwanai? Abin da kika koyo ke nan?"

"A'a Inna, wallahi ruwan da yake shiga nake nufi!"

Ni kuwa sai na tuna tsohuwar tatsuniyar Goggo. Na ji ƙamshin dankalin nan a toka kamar yanzu aka ciro shi.

Washegari na kai ta gona. Ta tsuguna ta tsinto 'yan ƙananan katantanwa daga jikin ciyawa, ta ce a cikinsu ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, take zama kafin ta huda fatar mutum. Ta ce yanzu akwai darasin da ake koya musu kan sauyin yanayi: yadda zafi ke ƙaruwa, ruwan sama ya zubo gaba ɗaya ya bar kududdufai, sauro da katantanwa su sami wurin zama. Malaminsu, in ji ta, yakan ce kada su tsaya ga ƙirjin mara lafiya kawai, su tambayi ƙasar da ya fito.

Ta raka ni asibiti a Talata Mafara. Likita ya ce na zo a kan gaɓa, domin da na ƙara jinkiri da mafitsara ta lalace. Na sha magani. Safiyar da na ga fitsarina fes, na daɗe a tsaye ina tasbihi. Na koma gona da dogon takalmin roba, abokaina suna ta yi mini dariya.

Har yau ina mamakin yadda tambayar da aka jefi tsohuwa a kanta ta zama darasin likitoci. Goggo ba ta rayu ta ga haka ba.

Kwanan baya a ajinmu na yaƙi da jahilci aka ce kowa ya rubuta jimla a allo. Na rubuta tawa a hankali: "Ina ruwanku?" Malam ya karanta ya yi dariya, ya ce, "Malam Garba, wannan faɗa ne ko tambaya?"

Na ce, "Tambaya ce, Malam. A kai ni in gani."