Gafiya Ya Haƙo Ruwan Gwamnati

Ranar da Gafiya ya tarar da ruwa a zurfin gaba ɗaya da rabi kacal, kaf layinmu sai da aka ji. Shekara talatin yana haƙar rijiya, bai taɓa ganin ruwa ya yi tsiri sama haka ba. Ya fito daga rami jiƙe sharkaf, wando na zamewa, yana ihu: "Idon ruwa! Ku zo ku ga hannu mai albarka!"

Sai ga matarsa da bokiti wayam. "Malam, ja wandonka. Famfon layi duk ya ɗauke."

Ashe babban bututun gwamnati ya sara da diga.

Tun daga nan aiki ya yi masa ƙaura. Tela ne kaɗai ya ce a haƙa masa bayan shago, amma sai ya ga takardar da ta nuna inda bututu ya bi. Gafiya kuwa dama ko abinci a tsaye yake ci. Ya wasa diga, ya jingine, ya leƙa ƙofa, ya dawo ya sake wasawa. Da ya ga digar za ta ƙare a dutse, ya nufi ofishin ruwa.

Mai gadi ya ce hawa na biyu. A hawa na biyu wata mai tabarau ta ce ai komai yana intanet. 'Yarsa ta buɗe masa a wayarta: hoton shugaban ofis ya fito tangaram yana murmushi, taswira kuwa sai juyi take kamar fanka. Ya koma. Aka ce mai makulli ya fita. Ya koma. Aka ce ana taro. Ya auna barandar nan da ƙafa har ya san tayil nawa ne suka fashe.

A zuwa na biyar injiniya ya tausaya masa, ya buɗe kabad, ya warware wata tsohuwar takarda. Gara ta cinye rabi, kuma layinmu na cikin rabon gara.

"Baba, gaskiya mu ma neman bututun nan muke," in ji injiniya, yana zaro biro. "A daidai ina ka same shi? Zurfin nawa? Gabas ya yi ko yamma?"

Gafiya ya cire hula, ya miƙa kai kan tebur.

"Au, ɗana, ashe ni ne taswirar! To buga mini hatimi a goshi, in je tela ya karanta."